Facin Yara a Ƙirjin Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na durƙusa gaban surukina a tsakar gidan likitan Agiye ba, kuma ko na so in manta, mutanen Cadawa ba za su bar ni ba. Har yau in na ratsa kasuwa sai wani ya ɗaga murya daga cikin rumfa ya ce, "Tela, ya jikin jaririnka?" Ni kuma in ce da sauƙi, in ƙara sauri. Jaririn da suke nufi dattijo ne mai furfura, tsohon ɗan kokawa, mahaifin matata.

Bari in ɗauko muku daga tushe. Ni tela ne, shagona yana bakin hanyar mota a Cadawa. Ban da ɗinki, ina cikin ƴan agajin gidan likitan garinmu, irin waɗanda ake nema in za a yi wa yara rigakafi ko in mota ta faɗi. (In faɗi gaskiya, rigar ƴan agajin ce ta fara jan hankalina, ga aljihuna ko ta ina. Son taimakon jama'a daga baya ya zo.)

Wata rana majo, wato shugaban gidan likitanmu, ya aiko a kira ni. Ya ce an zaɓe ni in je Maradi formasiyon, wato horo, za a koya mana aiki da wata na'ura. Sunanta na Faransanci dogo ne, sai harshe ya naɗe kafin a kai ƙarshensa, don haka mu muka sa mata injin zuciya. Ɗan akwati ne mai hannu, bai kai kan keken ɗinkina nauyi ba. In mutum ya yanke jiki ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi kamar yadda aka saba, sai a nemi taimako, a shiga danna ƙirjinsa, a kunna injin. Yana da wasu abubuwa guda biyu masu manne da waya a jikinsu, ni da na saba da aikina faci nake ce musu. In an manna su a ƙirji, injin zai saurari zuciyar da kansa, in ya ga da bukata ya ba ta kuran, wato wutar lantarki, ko ta dawo kan bugunta. Har magana yake yi! Ranar da na fara jin akwati yana ba ni umarni da Faransanci, saura kaɗan in amsa masa da "to, ranka ya daɗe".

Mai koya mana wata likita ce, Lokotoro Zuwaira, ƴar siririya, ba ta da yawan dariya. Ta nanata mana cewa duk aikin yana ga inda aka manna facin, domin kuran daga wannan facin yake tafiya zuwa wancan, dole zuciya ta kasance a tsakaninsu. In babba ne, guda a saman ƙirji ta gefen damansa, ƙarƙashin ƙashin nan da ya taso daga wuya zuwa kafaɗa. Ɗayan a gefen hagunsa, ƙasa da hamata, a kan haƙarƙari. In yaro ne da bai kai shekara takwas ba, akwai nasa ƙananan faci, kuma ƙirjinsa ba shi da faɗin da zai ɗauki biyu ba su haɗu ba, sai a sa guda a tsakiyar ƙirji, guda a tsakiyar baya tsakanin kafaɗu. In ba a samu na yara ba, a yi masa da na manya, kada dai su taɓa juna. Amma na yara ba a sa wa babba, ƙarfinsu ba zai kai masa ko'ina ba. Kuma a kan fata ake mannawa, busasshiya, ba a kan riga ba.

Da na ji haka sai na yi murmushi a raina. Kafaɗa, hamata, ƙirji, baya? Ai nan ne gonata. Tun ina yaro nake zagaya ƙirazan mutane da abin awo. Na dubi sauran ƴan ajin har na ɗan tausaya musu.

Ranar da muka gama, Lokotoro ta ce injin guda ne ya rage ba a ba kowa ba, kuma garuruwa uku ke nemansa: Cadawa, da Gazawa, da wani gari a ɓangaren Gidan Rumji. Za a haɗu a Agiye a gwada wakilin kowane gari gaban jama'a, wanda ya gamsar da ita garinsu zai tafi da shi.

Na dawo gida ina ba matata Rakiya labari, ina ta kwaikwayon muryar injin, amma ita ba ta yi dariya ba. Ta ajiye ludayin da ke hannunta ta ce, "Kana nufin in mutum ya faɗi kamar yadda Baba ya faɗi, wannan abin zai iya tayar da shi?"

A nan na gane inda ta dosa. Daminar da ta wuce mahaifinta ya yanke jiki ya faɗi a gonar gero, Allah ya sa ya farfaɗo da kansa. Da aka kai shi likita aka ce zuciya ce, aka ɗora shi kan magani, aka kuma ce a yi hattara, abin yana iya dawowa da ƙarfi. Duk gidan mun san in ta tsaya masa a Cadawa, kafin a samu mota a kai shi Agiye, balle Maradi, sai dai wani zancen.

"Ka kawo injin nan Cadawa," in ji Rakiya. "Ban taɓa roƙonka wani abu kamar wannan ba."

Na bugi ƙirji na ce ta ɗauka ya riga ya zo.

To, dole in gaya muku yadda muke da surukina. Sunansa ba zan faɗa ba, ko a rubuce hannuna ba zai iya ba, Baba kawai nake cewa. A zamaninsa ya yi kokawa har ana yi masa kirari daga Agiye zuwa Tibiri. Tun da na auri ƴarsa ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. In na je gaishe shi, tun daga zaure nake cire takalma, in tsuguna nesa, in zuba wa ƙasa ido. Ban taɓa cin ko ƙwayar gyaɗa a gabansa ba. In na hango shi a kasuwa, sai in tuna ina da wani uzuri a layin masu tukwane. Shi ma ba ya yi mini magana kai tsaye, sai ya ce wa Rakiya, "Ki gaya wa mutumin gidanku kaza," alhali ina tsugune yana ganina. Kowace Sallah ni nake ɗinka masa riga, amma ban taɓa auna shi ba. Rakiya ce ke kawo mini wata tsohuwar rigarsa, in shimfiɗa a kan yadi in yanka daidai ita. Kuma kada ku ɗauka abin yana damuna. Alfahari nake da shi, har ana ba samari misali da ladabina.

Kafin ranar gwaji na addabi Cadawa. Na yanka ƙyalle biyu daidai girman facin, duk wanda ya shigo awon riga sai na ɗora masa guda a saman dama, guda ƙasan hamatar hagu, in daka tsawa, "Kowa ya matsa!" Wani Bafulatani da ya kawo gyaran wando ya fice da gudu, sai da aka bi shi da wandonsa har bakin kasuwar dabbobi. Na gaya wa mai shayi, na gaya wa masu kabu-kabu, na gaya wa liman. Na ce duk mai son ganin yadda ake kayar da Gazawa ba tare da an shiga fili ba, ya biyo ni Agiye.

Kuma suka biyo ni. Taksi muka cika har ana zama kan cinya, wasu suka bi a moto, wato babur. Ina gaba kusa da direba, sanye da rigar agaji da na goge har karinta yana iya yanka hannu. Rakiya ta ce ita ba za ta bi mu ba, ranar ce za ta raka Baba awon tansiyo, wato hawan jini. Don tsabar ɗoki ban ko tambaye ta a wane gidan likita ba.

An shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin itatuwan bedi a tsakar gidan likitan Agiye, an jera kujeru, manyan gari sun zauna, masu jinya da masu tallar ƙosai duk sun kewaye mu. Wakilin Gazawa wani Sanusi ne, dogo mai bakin tsiya, tun a Maradi muke takun saƙa da shi. Ta Gidan Rumji kuwa wata ungozoma ce, Inna Habsu, mai natsuwa. Lokotoro ta yi bayani cewa injin da ta kawo na koyo ne, ba ya ba da kuran, kada kowa ya tsorata. Sai dai an samu matsala: mutum-mutumin roba babba da muke koyo da shi an baro shi Maradi, ƙaramin na yaro kaɗai ya zo. Saboda haka kowa zai fara da ɗan robar, sannan ya nuna na manya a jikin mutum mai rai, banda danna ƙirji, wannan a nuna da hannu kawai. Direban ambilans ya yarda ya kwanta.

Sanusi ya yi, ba laifi. Inna Habsu ta yi, ita ma ba laifi. Sai aka kira Cadawa.

Jama'a, ku zo ku ga aiki! Na faɗa kan ɗan robar nan, na zare masa riga, na ɓare ƙananan facin, guda tsakiyar ƙirji, na mirgina shi, guda tsakiyar baya, na ware hannuwa na ce, "Kowa ya matsa!" da muryar da sai da tsuntsaye suka tashi daga kan bedi. Ƴan Cadawa suka ɓarke da tafi, wata ta rangaɗa guɗa. Har Lokotoro sai da ta gyaɗa kai. Kaina ya kumbura, ina jin injin nan kamar ya riga ya hau cinyata a taksi.

Ana cikin haka aka kira direban ambilans, wai a je a ɗauko mai naƙuda. Ya zura rigarsa ya fice. Lokotoro ta juya ga jama'a ta ce, "Bon, muna son namiji guda, babba, ya fito fili ya kwanta mana."

Duk wanda ya san tsohon ɗan kokawa ya san ba a cewa "a fito fili" a gabansa ya zauna. Daga can layin masu awon tansiyo na ji wata murya da na fi sani da kowace murya a duniya ta ce, "Ga ni."

Jama'a suka dare. Sai ga Baba yana tahowa, sanye da rigar da na ɗinka masa da Sallah, Rakiya tana bayansa riƙe da ledar magani, ta toshe baki da gefen mayafi. Na dubi ƙofar fita, ƴan Cadawa sun cike ta. Baba ya tuɓe babbar riga, ya tuɓe ta ciki, ya miƙa wa ƴarsa, ya kwanta rigingine a tabarma ya rufe ido. Ni dai inuwarsa kawai na gani yana yin duk wannan, don tuni idona ya koma ƙasa.

"Ale, Cadawa," in ji Lokotoro. "Mutum ya faɗi. Fara."

Abin da aka koya mana shi ne ka ruga, ka bubbuga kafaɗunsa da ƙarfi, ka yi masa ihu a kunne ko zai amsa. Abin da na yi shi ne na cire takalmana na jera su gefen tabarma. Na tsuguna daga nesa. Na sassauta murya na ce, "Baba, barka da hutawa. Ina gajiya?"

Shi kuma, da yake bakin ya saba, daga cikin suman ya ce, "Lahiya lau. Ina iyali?"

Dariya ta tashi, amma ƙasa-ƙasa, don ana jin nauyin dattijon. Lokotoro ta ce, "Ba ya amsawa, ba ya numfashi. Ci gaba!"

Na ja gwiwa na matsa kusa. Na kafa idona a kan wani reshen bedi, na rantse a raina ba zan sauke shi ba. Na miƙa hannu ina laluben faci, na ji wasu a kusa na cafke, ban san waɗanda na cire daga jikin ɗan roba ba ne. Na ɗaga hannu sama da inda nake zaton ƙirji yake, na ce bismillah, na sake shi. Na ji ya sauka kan wani abu mai tauri. (Daga baya na gane layarsa ce ta zamanin kokawa, wadda ba ya rabuwa da ita.) Na ce a raina guda ya shiga.

Saura na biyu. Na biyun nan ƙasan hamata yake zuwa. Wato in ɗaga hannun surukina, in sunkuya, fuskata dab da tasa, in sa hannu a hamatarsa, gaban mutanen garuruwa uku. Sai Shaiɗan ya kawo mini shawara mai daɗi: ai akwai wata hanyar, wadda ka yi yanzun nan aka yi maka guɗa. Ta baya. Baya ba shi da ido.

Na ce, "Baba, in ba takura, a ɗan juya."

Mutumin da zuciyarsa ta tsaya ya yunƙura da kansa, ya juya mini baya. Na manna, har da ɗan shafawa don ya kama. Na ce, "A koma, Baba. Sannu da ƙoƙari." Ya koma. Na miƙe tsaye, na ware hannuwa, idona na kan reshe, na ce, "Kowa ya matsa!"

Ba tafi. Ba guɗa. Injin ne kaɗai ke magana, yana ta maimaita abu guda da Faransanci, wai a duba faci, a duba faci. Sai na ji muryar Sanusi daga gefe, a hankali, kamar mai tambayar hanya:

"Tela, shekarun yaron nawa? An yaye shi kuwa?"

Wayyo Allah! Wurin ya fashe. Masu ƙosai suna riƙe ciki, wani mai karaya a benci yana dariya yana kuka don ciwo, manyan gari suna ɓoye fuska a hannun riga. Ƴan Cadawa da na kwaso da bakina su suka fi kowa. A lokacin ne na sauke ido na ga aikina: ɗan ƙaramin faci mai hoton jariri, rabi a kan laya, rabi yana lilo a gashin ƙirjin tsohon ɗan kokawa. Na roƙi ƙasar Agiye ta tsage in shige, ta ƙi.

Lokotoro ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi dariyar zafi. Ta ce, "Facin yara ka sa wa babba. Ka manna a kan laya, ba a kan fata ba. Ba ka share gumi ba, ba ka ko dube shi ba. Da a ce da gaske ne, da mutumin nan ya tafi kana gaishe shi."

Na waiga wajen Rakiya. Ba ta dariya, ba ta kuma harare ni ba. Ledar maganin kawai ta ƙanƙame tana kallon injin. Nan na tuna abin da ya kawo ni, na ji kunyar da ta fi ta farko, domin na san na zubar mata da abin da ta roƙe ni.

Sai Baba ya tashi zaune. Ya ɓare facin daga ƙirjinsa, ya juya shi yana kallon hoton jaririn. Dariyar ta fara lafawa. Ya ce, "Tela."

Ban taɓa jin ya kira ni ba. Na durƙushe na ce, "Na'am, Baba," ina kallon tabarma.

"Ba tabarma ta kira ka ba. Dube ni."

Na ɗago da ƙyar. Wallahi sai da na ji wuyana yana ƙara.

"Ladabinka na gani, tun ran da munka ba ka ɗiya nike ganinshi, kuma na gode. Amma rannan da na hwaɗi a gona, ba gaisuwa nike nema ba, iska nike nema. Ni na san abin da ke cikin ƙirjin ga. In ta tsaya a Cadawa, kai za a kira. In kai ma itace za ka tsaya kallo, to wa ya rage mini?"

Ya juya wajen Lokotoro ya ce, "Ɗiyata, a kokawa in an yi kunnen doki sakewa ake. A sake mishi."

Sanusi ya fara cewa ai ba a yi haka da su ba. Inna Habsu ta katse shi. "Bar shi ya sake, ɗan nan. Ni ma da surukina na a kwance nan, da ban san ina za ni sa ido ba." Lokotoro ta ce ranar gaske ba a sakewa, amma yau ranar koyo ce. Baba ya koma ya kwanta ya rufe ido.

Ban san daga ina ƙarfin ya zo ba. Na faɗa kansa na bubbuga kafaɗunsa biyu, na kai baki kunnensa na kwarara ihu, "Baba! Baba! Kana jina?" (Allah ya yafe mini, har yawuna sai da ya taɓa shi.) Wannan karon bai amsa ba. Na nuna wani ɗan garinmu na ce ya ruga ya kira majo, na nuna danna ƙirji, na kunna injin. Na kama layar na tura ta can bayan wuyansa. Na ciro hankicina na share gumin ƙirjinsa tas. Na ɗauko manyan faci, na duba hoton jikinsu da idona. Wurin na dama gashi ya yi yawa, ba zai kama fata ba, kuma akwai reza a jakar injin don irin haka. Lokotoro ta ce in nuna kawai ya isa. Mamacin ya buɗe ido guda ya ce, "Aske." Na aske.

Na manna na farko a damansa, ƙarƙashin ƙashin wuya. Na ɗaga hannunsa na hagu don in manna na biyu, sai hannuna ya tsaya.

Ni tela ne, in na ga ƙirji na san awonsa ko ban sa abin awo ba. Ƙirjin da ke gabana ba shi ne wanda nake yi wa riga ba. Haƙarƙarin duk sun fito, ana iya bin su da yatsa. Damtsen da ya kayar da maza ya saki, hannun ba nauyi. Tsohuwar rigar da Rakiya ke kawo mini ta zamanin ƙarfinsa ce. Shekara da shekaru ina ɗinka wa ƙaton da ya daɗe da tafiya, wannan dattijon kuma yana yawo a cikin rigar yana naɗe hannuwa, bai taɓa cewa ta yi masa yawa ba, ni kuma ban taɓa ɗaga ido na gani ba. Tausayinsa ya kama ni har idona ya cika.

Na manna facin ƙasa da hamata, a kan haƙarƙarin nan, na danna gefe-gefensa ya kama sosai. Na ja da baya na tabbatar ba mai taɓa shi, na ce, "Kowa ya matsa!" Injin ya daina ƙorafi, ya ce a danna maɓalli, na danna. Guɗar da ta tashi wannan karon na san mai ita, ta Rakiya ce.

Da aka natsu, Lokotoro ta miƙe. Ta ce in don tsabtar aiki ne, Gazawa ta fi. Sanusi ya fara gyara hula. Ta ce amma ita yau ta ga abin da ba ta taɓa sa wa a darasi ba. Mutum ba gaban baƙo ya cika faɗuwa ba, gaban nasa yake faɗuwa: suruki, ko uwar miji, ko malamin da ya koya maka karatu. Kowa ya iya manna wa roba da direba. Tana son injin ya je inda za a koya wa mutane abin da za su yi in wanda suke jin kunya ne a kwance. Don haka Cadawa za ta tafi da shi, da sharaɗin in riƙa tara jama'a ina koya musu, kuma in riƙa ba su labarin abin da na yi yau, ba ragi.

"Da na sani," in ji Sanusi, "da na taho da uwar matata."

Yadda muka koma Cadawa ba a magana. Masu moto suna ta oda a gaba, injin yana kan cinyata na rungume shi, ana waƙa ana haɗawa da sunan jaririna. Majo ya rataye shi a bango kusa da ƙofar gidan likita, inda kowa zai iya kai hannu.

Sai dai sharaɗin nan ya zame mini aiki. Duk ranar da zan koyar, kafin in iso Baba ya riga ni, ya shimfiɗa tabarmarsa, ya tuɓe riga, yana jiran a ce a fito fili. Ba wanda ya gayyace shi. In na zo wajen yara in ɗauko ɗan roba, in nuna gaba da baya. In na zo wajen manya in durƙusa gaban surukina, in nuna saman dama da ƙasan hamatar hagu, shi kuma ya buɗe ido guda ya ce wa jama'a, "Ku dai duba da kyau, kada a sa muku na goye." Alhamdu lillahi, har yau injin na gaske bai taɓa jikinsa ba, kuma kullum addu'ata kada ya taɓa.

Da Sallah ta matso Rakiya ta ɗauko tsohuwar rigar nan za ta ba ni. Na ce ta mayar da ita akwati. Na rataya abin awona a wuya, na tafi gidan da ƙafata, na cire takalma a zaure, na tsuguna na gaishe shi ina kallon ƙasa kamar kullum. Sannan na ce, "Baba, a miƙe a ɗaga hannu." Ranar idi ya fito da rigar da ta zauna masa cif.

Har yanzu ba na cin abinci a gabansa, sunansa kuma kun ga ban faɗa ba. Kunya tana nan, ban yar da ita ba. Na dai koyi inda ake ajiye ta in mutum ya faɗi: gefen tabarma, tare da takalma. In ya numfasa, sai in koma in ɗauki abata.